Farfaɗo da Addinan Girka, Rum da Masar na Dā: Gado ne ko Sabon Gini?

Tun daga ƙarshen ƙarni na 20 wasu ƙungiyoyi suka ɓullo a Turai da Amurka suna bauta wa allolin da aka daina yi wa hidima shekaru kusan 1,500 da suka wuce, irin su Zeus da Atena na Girkawa, Jufita da Besta na Rumawa, da Isis da Osiris na Misirawa. Mabiyan suna cewa addinin kakanni suka koma wa. Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, addinin nan na zamani ne, an gina shi da tubalan da aka kwaso daga kangon tsoho, kuma da wannan idon ya kamata manazarta su dube shi.

Hujja ta farko ita ce yankewar salsala. A 391 da 392 Miladiyya, Sarkin Rum Tiyodosiyus na Ɗaya ya haramta yanka wa gumaka, dokar ƙarshen ma ta bi mutane har cikin gidajensu, ta hana kunna wuta da turare da zuba giya ga allolin gida. A daidai wannan lokaci aka rushe haikalin Serafis a Iskandariya. Rubutun hoto na Misirawa na ƙarshe da aka sani an sassaƙa shi a tsibirin Filae, kusa da Aswan, a 394, sannan aka rufe haikalin Isis na wurin a zamanin Sarki Justiniyan a ƙarni na 6. Daga nan ba a sami wanda ya iya karanta rubutun ba sai da Bafaranshe Champollion ya warware shi a 1822. Ke nan babu firist ɗin Isis na yau da zai ce ya karɓa daga malaminsa, shi ma daga nasa, har zuwa Filae. Tsakaninsa da magabatan akwai masu tonon kayan tarihi, da masu fassara, da ɗakunan karatu na jami'o'i.

Tarihin ƙungiyoyin kansu ya ƙarfafa wannan. A Niu Yok aka kafa Ausar Auset Society a 1973, Tamara Siuda kuma ta assasa Kemetic Orthodoxy a Amurka a 1988. Nova Roma, mai raya ibadar Rumawa, ita ma a Amurka aka haife ta a 1998. Abin lura, farfaɗo da addinin Fir'aunoni ya fi ƙarfi a nesa da Kogin Nilu. A Girka kuwa lamarin ya yi jijiya a ƙasarsa ta asali, inda majalisar da ake kira YSEE, wadda aka kafa a 1997, ta sami amincewar hukuma a 2017, duk da cewa tsarin mulkin ƙasar ya fifita Cocin Otodoks.

Hujja ta biyu ta shafi matsayin addinin a cikin al'umma. A dā mutum ba ya zaɓar bautar Atena. Haihuwarsa a birnin Atens ce ke ɗora masa ita, baitulmali ke ɗaukar nauyin bukukuwa, kuma a Rum firistoci manyan 'yan siyasa ne. A Masar ma, a ƙa'ida, Fir'auna ne babban mai hidimar kowane haikali. Yau kuwa mutum ɗaya ne ke karanta littattafai, ya gamsu, ya tanadi wurin ibada a lungun ɗakinsa. Addinin da ya kasance na gari da sarauta ya koma na zaɓin rai, kuma wannan siffa ce ta zamaninmu.

Hujja ta uku ita ce yanka. Zuciyar ibadar jama'a a Girka da Rum dabba ce da za a yanka a gaban haikali, a ƙona kaso na alloli, a raba sauran nama ga mahalarta. Yawancin mabiyan yau sun bar wannan, sun tsaya ga turare da giya da zuma da man zaitun.

Mabiyan suna da amsa, kuma ba ta wasa ba ce. Suna cewa addinan dā sun fi damuwa da yin ibada daidai fiye da tsayar da aƙida guda, saboda haka duk wanda ya bi ƙa'idar da aka rubuta ya cika sharaɗi. Suna ƙarawa da cewa ibadar gida, wadda dokar 392 ta hana, ita ce suke yi, kuma ba ta taɓa buƙatar sarki ba. Akwai gaskiya a nan. Sai dai abin da ya iso mu guntaye ne, daga garuruwa daban-daban da ƙarnuka daban-daban, kuma dole mai aiki da su ya zaɓa, ya haɗa, ya cike gurbi. Mai zaɓen nan ɗan ƙarni na 21 ne, da damuwarsa. Bagirke yana neman asalin da ya girmi coci, Baƙar fatar Amurka a Ausar Auset yana neman wayewar Afirka da ta girmi cinikin bayi, wasu kuma kare muhalli ko martabar mace ce ta ja su.

Saboda haka kuskure ne a ɗauki waɗannan ƙungiyoyi a matsayin wasan kwaikwayo, domin mutanen da gaske suke, har hukumomi sun fara yi musu rajista. Kuskure ne kuma a karɓi da'awar gado marar yankewa, domin tarihi bai goyi bayanta ba. Mai nazarin addinai zai fi ƙaruwa idan ya sa su a sahun sababbin addinai na zamani, ya karanta su a matsayin shaida kan Turai da Amurka na yau.