Ƙunshin da Ba a Liƙewa: Littafi da Kantar Gidan Waya a Zariya

Duk wanda ya yi karatun Hausa a makarantun Arewa ya san adireshin nan da ke shafin farko na littattafai da yawa: kamfanin NNPC, Gidan Gaskiya, Akwatin Gidan Waya 412, Zariya. Gidan yana Tukur-Tukur, daura da Tudun Wada, kuma tarihin ɗab'insa sananne ne. Hukumar Fassara da aka kafa a 1929 ta zama Hukumar Talifi a 1933, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, sannan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne yadda littafi ke barin Tudun Wada ya isa hannun malamin makaranta a Azare ko Birnin Kebbi. Ɗaya daga cikin hanyoyinsa ita ce gidan waya, kuma gidan waya yana da ƙa'ida ta musamman a kan littafi.

Asalin ƙa'idar daga Ingila yake. A 1848, zamanin Rowland Hill, aka buɗe wa littattafai farashi na daban, sisi a kan kowace laba, wanda ya yi ƙasa sosai da kuɗin wasiƙa mai nauyin haka. Sharaɗin shi ne a bar bakin ƙunshin a buɗe, don ma'aikaci ya iya leƙawa ya tabbatar littafi ne. Da ƙasashe 22 suka sa hannu a yarjejeniyar Bern ta ƙasar Suwizalan a 1874, wadda ta haifi Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, sai wannan tsari ya zama na kowa: abin da aka buga a maɗaba'a yana da rangwame, muddin an ɗaure shi yadda za a iya dubawa, kuma babu wasiƙa a ciki. Gidan wayar Nijeriya na zamanin mulkin mallaka a kan wannan turba ya tashi, ƙasar kuma ta shiga ƙungiyar da sunanta a 1961. Amurka ta fito da nata farashin littattafai a 1938, wanda yanzu ake kira Media Mail, kuma har gobe ma'aikatanta suna da ikon buɗe irin wannan ƙunshi.

Ciniki ne ke nan tsakanin hukuma da mai aikawa. Wasiƙa tana da tsada domin sirrinta ake saye, babu mai hurumin farke ambulan ɗinka. Littafi yana da araha domin hukuma ta yarda cewa yaɗuwar karatu amfanin kowa ne, amma wanda ya karɓi arahar ya sallama sirrin. In da ba a dubawa, da kowa ya cusa wasiƙarsa a tsakanin shafuffuka ya biya kuɗin littafi, kuma da rangwamen bai daɗe ba.

A ƙasar Hausa wannan sharaɗi ya ci karo da ladabi. Saƙo a wajenmu ba ya tafiya kurma. Ɗalibin da zai aika wa malaminsa Ruwan Bagaja ko Magana Jari Ce zai ga rashin kunya ne littafin ya isa babu gaisuwa, babu tambayar iyali, babu neman addu'a. Dokar wancan zamani kuwa ɗan abin da ta yarda da shi kaɗan ne: sunan mai aikawa, gajeriyar sadaukarwa a kan littafin, a katin gaisuwa kuma kalmomi biyar kacal. Gaisuwar Bahaushe ba ta ko ɗaura zani ba a kalma biyar. A lokacin, in aka sami takarda a ciki, ƙunshin ya tashi daga matsayin littafi, sai a buga masa hatimin harafin T, a ci tara, galibi ninkin abin da ya rage a biya. Wanda aka aika wa shi ke biya kafin a miƙa masa. Kyauta ta koma bashi, malamin kuma bai san hawa ba bai san sauka ba.

Akwai kuma batun ajami. Rangwamen na abin da na'ura ta buga ne a kwafi masu yawa, bai shafi wasiƙar da aka rubuta da alƙalami ba. To amma daga shekarun 1950 maɗaba'u a Zariya da Kano sun riƙa buga littattafan Larabci da na ajami ta hanyar ɗaukar hoton rubutun hannu. Bugu ne cikakke, amma ga idon da bai saba ba, kamarsa ɗaya da rubutun hannu. Akawun da bai iya karatun ajami ba, ta yaya zai bambance shafin littafi da wasiƙar da aka saƙa a tsakiyarsa?

Nan ne nauyin ya sauka a kan ma'aikacin kanta. Shi ke aza ƙunshi a sikeli, shi ke cewa a kwance igiya, shi ke yanke ko littafi ne ko wasiƙa, alhali layi na bayansa na masu sayen kan sarki da masu yankar fas'oda. A ganina, yawancin ƙorafin da ake yi wa kanta a ko'ina daga nan yake tasowa: an haɗa wa mutum ɗaya aikin mai hidima da na mai bincike. Dattijon da aka ce ya buɗe kayansa a gaban jama'a yana jin an zarge shi, shi kuwa akawu ƙa'idar da ba shi ya rubuta ba yake bi. Wanda ya iya aikinsa tun kafin a ɗaure yake bayani, ya ce, “Baba, a cire takardar a sa mata nata kan sarki, ya fi sauƙi.” Wanda bai iya ba sai ya bari tara ta yi bayanin a can inda kayan suka sauka.

Gidan waya kaɗai bai taɓa isa ya ɗauki kasuwar littafi ba. Hukumar NORLA, wadda ta yi ta buga littattafai a zamanin Yaƙi da Jahilci, rarrabawa na cikin abin da ya fi ba ta wahala har aka rufe ta a 1959, NNPC kuma ta zo a 1966 da haɗin gwiwar Macmillan. A 1985 aka raba tsohuwar ma'aikatar waya gida biyu, NIPOST da NITEL. Yau mai sayar da littafi a Tudun Wada, in an yi masa oda daga Gusau ko Bauci, tasha yake nufa. Direba ya ɗaga kwalin da hannu ya ji nauyinsa, a yi ciniki, a rubuta lambar wayar mai karɓa a jiki. Gaisuwar kuwa ta riga kayan isa ta WhatsApp.