Tarihin Daudu a Ƙasar Hausa: Sana'a, Harshe da Doka

Ɗan daudu, a yadda Hausawa suka san kalmar, namiji ne da ya ɗauki ɗabi'un mata: maganarsu, tafiyarsu, wani lokaci ɗaurin zane, da ayyukan da al'ada ta keɓe musu, musamman girki. Halin da sana'ar duka ana kiran su daudu. Kalmar tana nuni ne ga abin da ido yake gani a fili, shi ya sa ba ɗaya take da luwaɗi ba, ko da yake jama'a kan haɗa su a baki ɗaya. An sami 'yan daudu da yawa masu aure da 'ya'ya, an kuma sami masu neman maza waɗanda ko kusa ba su yi kama da mata ba.

Asalin sunan yana komawa ga sarauta da kuma bori. Daudu laƙabi ne na ɗan sarki, kuma da shi ake yi wa Ɗan Galadima kirari, wato iskan nan na bori da aka sifanta da kyau, son ado da turare, caca, da kyauta ta almubazzaranci. Ra'ayin da ya fi yaɗuwa a tsakanin masu bincike shi ne daga wannan iska sunan ya fito, domin a wuraren wasan bori an saba ganin maza masu ɗabi'ar mata suna rawa, suna yi wa masu hawa hidima, suna yin kari ga makaɗan garaya da goge. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 ya raba bori da fadar sarakuna a ƙasashen da suka shiga Daular Sakkwato, sai ya koma gefen gari da gidajen mata masu zaman kansu. A Maraɗi da Tsibiri kuwa, inda sarakunan Katsina da Gobir suka sake kafa gadonsu, bori ya ci gaba da zama a inuwar sarauta, ƙarƙashin Iya a Maraɗi da Inna a Gobir.

Bunƙasar daudu a matsayin sana'a ta zo ne da bunƙasar birane a zamanin Turawa. Layin dogo ya isa Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya haɓaka, aka kafa Sabon Gari a wajen ganuwa. Birnin ya cika da 'yan cirani, leburori, direbobi da fatake, mazaje ne da suka baro iyalinsu a gida kuma dole su ci abinci. Matan aure suna cikin kulle, namiji mai jin kansa kuma yana ganin tuƙin tuwo ƙasƙanci ne. 'Yan daudu suka shiga wannan gurbi. A tasha da kasuwa da bakin sinima su ne masu tuwo da miya, shinkafa, soyayyar kaza da farfesu. Wasu sun zauna a gidajen mata ƙarƙashin magajiya, suna aike, suna girki, suna haɗa baƙo da mace a ba su la'ada, abin da ya sa aka riƙa kiran su kawalai. Daga baya wasu suka bi hanyar Jidda da Makka, suka yi sana'ar abinci a can, suka dawo da kuɗi da laƙabin Alhaji.

Sana'ar tana da tsari irin na kowace sana'ar Hausa, sai dai da sunayen zumunta na mata. Yaron da ya baro garinsu yakan raɓu da babban ɗan daudu, ya kira shi uwa, shi kuma ya ɗauke shi 'ya. A hannunsa zai koyi girki da ciniki, ya fara da wanke-wanke da ɗebo ruwa har ya kai ga kafa tukunyarsa. Tsararraki suna kiran juna ƙawaye. Suna yin biki da ajo, a kira makaɗa, a yi liƙi, a rubuta gudummawar kowa domin a rama ranar nasa bikin, kamar yadda mata suke yi a tsakaninsu. Ta wannan hanya ake tara jari, kuɗin aure ko kuɗin kujerar Makka.

Babbar fasaharsu tana bakinsu. An san 'yan daudu da habaici, gatse, zambo da sarrafa karin magana, tare da tafa hannu, riƙe ƙugu, fari da ido da jan murya. A tsakaninsu sukan kira juna "ke" da "ita", su koma "kai" da "shi" idan bare ya shigo ko magana ta zama ta gaske. Da yawa suna kiran wannan duka wasa. Akwai kuma zaurance da ake kira yaren harka, wanda masu neman maza suke amfani da shi, a ɗauki kalma ta yau da kullum a ba ta ma'anar da sai ɗan ciki zai gane. Masanin harshe Rudolf Gaudio, ɗan Amurka, ya zauna da su a Kano a shekarun 1990, ya tattara irin wannan magana a littafinsa Allah Made Us na 2009. Kafin shi, Gerald Kleis da Salisu Abdullahi sun wallafa nazari a kan 'yan daudun Kano a 1983, Renée Pittin kuma ta yi bayaninsu a bincikenta kan mata masu zaman kansu a Katsina.

A rubutaccen adabin Hausa, ɗan daudu yana fitowa ne ta bakin wasu, kuma galibi a matsayin abin suka. Sa'adu Zungur ya ambace shi tare da magajiya a waƙar Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, cikin jerin abubuwan da yake ganin za su hana Arewa ci gaba. Aƙilu Aliyu ya keɓe masa waƙa guda mai suna Ɗan Daudu, wadda zambo ce da gargaɗi. Malamai suna kafa hujja da hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari, wanda ya la'anci maza masu kwaikwayon mata da mata masu kwaikwayon maza. Tarihin Musulunci ma ya san irinsu: a Madina ta ƙarnin farko akwai waɗanda ake kira mukhannathun, cikinsu har da mawaƙi Ɗuwais. A wasan kwaikwayo da fim kuwa ɗan daudu abin dariya ne, kamar a fim ɗin Ibro Ɗan Daudu na marigayi Rabilu Musa.

Ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci suna da abin kwatance. A garin Juchitán na ƙasar Meziko akwai waɗanda ake kira muxe, maza masu shigar mata da suka shahara da girki, ɗinkin ado da ƙawata wurin biki. José Donoso na ƙasar Cile ya gina labarinsa El lugar sin límites na 1966 a kan Manuela, namiji mai rawa da rigar mata da ke zaune a gidan karuwai na wani ƙaramin gari. A Sifen, gwamnatin Franco ta shigar da masu neman jinsinsu cikin dokar 'yan zaman banza a 1954, ba a cire su daga irin wannan doka ba sai ƙarshen shekarun 1970. Bambancin shi ne a can irin waɗannan mutane sun kai ga rubuta labarinsu da hannunsu, kamar Pedro Lemebel na Cile, wanda ya rasu a 2015. Fasahar 'yan daudu ta tsaya a baka, a bakin murhu da dandalin biki.

Ta fuskar doka, kundin Penal Code na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya lissafa namiji mai shigar mata a bainar jama'a cikin 'yan zaman banza a sashe na 405. Duk da haka an daɗe ana zaman kawaici: ana zagin ɗan daudu, ana kuma cin tuwonsa. Babban sauyi ya faro ne daga Jihar Zamfara. Gwamna Ahmad Sani, Yariman Bakura, ya ƙaddamar da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, dokar ta fara aiki ranar 27 ga Janairu 2000, daga nan wasu jihohi 11 na Arewa suka bi wannan tafarki. An rufe gidajen giya, caca da karuwai, wasan bori da bukukuwan dare suka ja baya, wato wuraren da daudu ya dogara da su. Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001 da Hukumar Hisba a 2003. A watan Agusta 2007 an kama maza 18 a wani otal a Bauchi, aka gurfanar da su a kotun shari'a, inda tuhumar ta koma ta shigar mata da zaman banza. A Janairu 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi ɗaya, mai hukuncin ɗaurin shekara 14.

Waɗannan matakai sun sauya yanayin sana'ar. Wasu 'yan daudu sun tuba a gaban malamai ko Hisba, wasu sun yi ƙaura zuwa garuruwan da shari'a ba ta kai ba, kamar Abuja da kewayenta, wasu kuma sun ajiye zane da jan murya suka riƙe tukunya kawai. Bikin da a da ake yi a fili da makaɗa ya koma cikin gida. Kalmar kanta ta wanzu a bakin jama'a, mafi yawa a matsayin zagi ga namijin da aka ga yana da rauni ko yawan shiga harkar mata, kuma har yau a tashoshin mota da kasuwannin Arewa ana samun maza masu sayar da dafaffen abinci da suka koyi sana'ar a hannun tsofaffin 'yan daudu.