Da Ɗan Gari Kan Ci Gari: Tarihin Renon Shugabanni a Ikilisiyar Arewa

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan, ƙungiyoyin raya karkara a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka sun lura cewa taron bita na kwana uku ba ya haifar da shugaba. Shi ya sa da yawansu suka koma haɗa ƙwararre da mai tasowa, su daɗe suna tafiya tare, babban yana tambaya yana sauraro, ƙaramin yana yin aikin da hannunsa. A wannan darasi za mu kira wannan hanya "reno". Mu a ƙasar Hausa mun san ta. Ɗan maƙeri da zuga yake farawa, daga baya a ba shi guduma, wata rana kuma a bar masa maƙerar. Mun san ta a Littafi Mai Tsarki ma. A Markus 3:14 Ubangiji ya zaɓi sha biyun domin su zauna tare da shi kafin ya aike su. Barnaba ya je Tarsus ya ɗauko Shawulu, a Ayyukan Manzanni 14:23 kuma su biyun suka naɗa dattawa a ikilisiyoyin da ba su daɗe da kafuwa ba, suka kama hanya.

Abin da tarihinmu ke nunawa shi ne, koyarwa ba ta cika yi wa magabata wuya ba. Inda aka sha yin tuntuɓe shi ne ranar miƙa guduma.

Crowther: renon da aka fasa

Henry Venn, sakataren ƙungiyar CMS a Ingila daga 1841 zuwa 1872, ya koyar cewa burin mishan shi ne ikilisiyar da ke mulkin kanta, tana ɗaukar nauyin kanta, tana kuma yaɗa Bishara da kanta. Bisa wannan tunani aka naɗa Samuel Ajayi Crowther bishop a 1864. Crowther ya jagoranci aikin bakin kogin Kwara da ma'aikata 'yan Afirka, ya kafa aiki a Lakwaja, ya kuma yi hulɗar mutunci da Etsu Masaba na Bidda.

Bayan rasuwar Venn, sai wasu samarin Turawan mishan suka iso da zafin kai. A 1890 suka tuhumi ma'aikatan Crowther, suka dakatar da mafi yawansu, suka kunyata dattijon a gaban 'ya'yansa. Ya rasu ranar 31 ga Disamba 1891, aka maye gurbinsa da Bature. Sai da aka yi kimanin shekara sittin kafin a sake damƙa wa ɗan ƙasa cikakkiyar diyosis ta Angilika a Najeriya. Babu shakka akwai kurakurai a cikin aikin, kamar yadda akwai a kowane aiki. Amma mai reno idan ya ga kuskure, zama yake yi da mai kuskuren su gyara tare. Waɗannan kuwa ƙwace aikin suka yi, ikilisiya ta biya kuɗin wannan gaggawa tsara biyu.

Yadda aka yi a Arewa

A 1900 Sarkin Kano Aliyu Babba ya sallami ayarin Bishop Tugwell daga birni. Da Turawan mulki suka kafu, su ma suka hana 'yan mishan shiga yawancin masarautu. Dakta Walter Miller ya samu zama a Zariya a 1905, aikin ya koma Wusasa wajen 1929. Yara kaɗan ya riƙe, yana zaune da su, yana jin Hausarsu. Daga wannan ƙaramin gida Dakta R. A. B. Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafuwarta. Ashe renon ikilisiya yana iya ba al'umma duka shugaba.

Abubuwa biyu suka sauya tafiyar a shekarun 1930. Na farko, Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, har manomi ya iya karantawa ya koyar ba tare da tafinta ba. Na biyu, wajen 1937 aka yarda SIM ta kula da asibitocin kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. A can majinyata suka koyi karatu da wankin gyambo da ba da magani. Waɗansunsu suka koma garuruwansu suna masu bishara, suka shiga lungunan da Bature ba shi da izinin taka ƙafa. Dokar da ta tare baƙo ita ce ta tilasta a dogara ga ɗan gari.

A Filato, mishan ta SUM ta buɗe makarantar horo a Gindiri a 1934, ta naɗa fastocinta na farko a 1938: Toma Tok Bot, da Bali Falang, da David Lot. Sai mu lura, SUM ta iso Wase tun 1904. Shekara talatin da huɗu ke nan kafin naɗin farko, alhali Bulus bai jira ko kusa da haka ba.

A ɓangaren SIM, a ƙarshen shekarun 1940 aka kafa ƙungiyar aika masu bishara 'yan ƙasa, wadda ta zama EMS, baikon masu bi ne kuma ke riƙe da ita. ECWA ta kafu a 1954, TEKAN a 1955. Shirin Sabon Rai Don Kowa na shekarun 1960 ya fitar da aikin shaida daga hannun fasto shi kaɗai, ya sa shi a hannun ƙananan ƙungiyoyin addu'a na maza da mata. Byang Kato, ɗan Kwoi da ya taso a makarantun mishan, ya zama babban sakataren ECWA a 1967, daga baya ya jagoranci ƙungiyar masu bishara ta Afirka baki ɗaya har rasuwarsa a 1975. A 1976 SIM ta miƙa wa ECWA ayyukanta da kadarorinta. A ƙarƙashin Panya Baba, daga 1970 zuwa 1988, EMS ta bunƙasa har tana aika ma'aikata ƙasashen waje. Waɗanda aka yi shakkar ko za su iya riƙe majami'ar ƙauye, su ne suka zama masu aikawa.

Reno a gona

Tarihin bai tsaya a bagade ba. A ƙarshen shekarun 1950 Peter Batchelor na SUM ya fara shirin Faith and Farm, wato haɗa bangaskiya da noma. Ana horar da manomi mai bi, a ba shi rancen shanun huɗa da garma, ya zauna a ƙauye yana noma, maƙwabta suna gani suna tambaya.

Misalin Maraɗi a Jamhuriyar Nijar ya fi fitowa fili. A 1983 Tony Rinaudo, ma'aikacin SIM ɗan Ostireliya, ya gane cewa 'yan tsirrai da manoma ke sassabewa kowace shekara kututturan itatuwa ne masu rai. In an rage rassa aka bar 'yan kaɗan masu ƙarfi, sai itace ya tashi. Lokacin yunwar 1984 aka haɗa wannan dabara da rabon abinci, dubban manoma suka karɓa. Da abinci ya ƙare, yawancinsu suka sare itatuwan. Waɗanda suka bar nasu kuwa suka samu itacen wuta da abincin dabbobi, ƙasarsu ta farfaɗo. Daga bakinsu dabarar ta bazu, manomi zuwa manomi, da sunan sassaben zamani, har ta kai kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Abin da aka saya da hatsi ya tafi tare da hatsin. Abin da maƙwabci ya koya wa maƙwabci shi ya zauna.

Darasi ga Malam Madori da ƙasar Haɗejiya

Malam Madori ta bunƙasa ne da layin dogo na Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, da kuma cinikin gyaɗa. Jirgi ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, da yawansu masu bi. Har yau ikilisiyoyi da dama a garuruwan Jigawa sun dogara ga mutanen da aiki ko kasuwanci ya kawo, da fastocin da ake turowa daga nesa. Muna gode wa Allah saboda hidimarsu. Sai dai ma'aikaci ana yi masa canjin wurin aiki, ɗan kasuwa yana tashi in an yi tashin hankali, fasto ma ana ɗauke shi bayan 'yan shekaru. Idan ba a reni waɗanda aka binne cibiyarsu a nan ba, ranar da baƙi suka ɗaure kaya za a sa wa majami'a kwaɗo.

Haka kuma batun zaman jama'a. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗejiya ta sauya. Kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ambaliya tana cin gonaki, manoma da masunta da makiyaya suna gogayya a fadama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai bin da ya san sarkin ruwa da mai unguwa da arɗo, wanda ke gaisawa da limamin unguwarsu tun suna yara, shi ne zai iya zama a taron gayyar yanke kacala a saurare shi.

Daga wannan tarihi muna iya tsamo ƙa'idodi huɗu. Na ɗaya, mu zaɓi mutum biyu ko uku, maza da mata, mu riƙa zuwa ziyara da jana'iza da sasanci tare da su. Na biyu, bayan kowane aiki mu zauna mu tambaye su abin da suka gani da abin da za su yi dabam, kafin mu faɗi namu. Na uku, mu ba su iko na gaske, har da littafin kuɗi da kujerar shugabancin taro, domin wanda ba a taɓa amince masa da baiko ba, ba a rene shi ba tukuna. Na huɗu, mu sa ranar miƙa aiki tun daga farko, mu sanar da dattawa, in kuma wanda muka rena ya yi kuskure mu tsaya kusa da shi har ya gyara. Tsarin 2 Timoti 2:2 tsara huɗu ne: Bulus, Timoti, amintattun mutane, da waɗanda su kuma za su koya wa. Hidimar da ta tsaya a tsara ta farko ba ta cika umarnin ba, kome yawan jama'ar da ta tara.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya bambanta gyaran kuskure da ƙwace aiki a labarin Crowther?
2. Wane irin taimako ne a ikilisiyarku zai iya zama kamar hatsin 1984 a Maraɗi?
3. In aka yi muku canjin wurin hidima a wata mai zuwa, wane ɗan gari ne zai iya yin wa'azi, ya shugabanci dattawa, ya riƙe lissafi? Ku rubuta sunansa, da aikin da za ku damƙa masa kafin ƙarshen wannan zango.