Sifirin baya na Fijo 504

Sifirin baya shi ne ƙarfen da ke tsakanin jikin mota da tayoyinta na baya, wanda yake ɗaukar nauyin fasinja da kaya, ya lotsa idan taya ta faɗa rami, sannan ya koma yadda yake. Aikinsa daban ne da na shokozoba: sifirin ne ke riƙe nauyi, shokozoba kuwa ita ce ke hana motar yin ta tsalle bayan ta wuce ramin. A arewacin Najeriya, motar da kanikawa da yawa suka koyi wannan aiki a kanta ita ce Peugeot 504, wadda aka fi sani da Fijo.

Motar

Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa a shekarar 1968, kuma ita ce aka zaɓa motar shekara ta Turai a 1969. A shekarar ne kuma aka fitar da samfurinta mai ƙofa biyu, na masu sha'awar gudu, wanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana. Ƙarfin ƙafafunta ya sa ta yi suna a tseren Safari na Kenya: Ove Andersson ya ci tseren da 504 a 1975, Jean-Pierre Nicolas kuma ya ci da mai ƙofa biyu a 1978. A Najeriya, masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motocin Fijo a 1975, kuma an ci gaba da yin 504 a can shekaru da dama bayan an daina ƙera ta a Faransa.

Ire-iren sifirin

Ba sifirin iri ɗaya ke bayan kowace 504 ba, kuma wannan ne abu na farko da ake dubawa kafin a sayi sabo. Salun tana da naɗaɗɗen sifirin guda ɗaya a kowane gefe, kuma a yawancin samfuranta kowace taya tana motsi ita kaɗai. Doguwar, wadda aka daɗe ana jigilar fasinja da ita tsakanin garuruwa, ƙarfe ɗaya ne ya haɗe tayoyinta biyu na baya, kuma tana da naɗaɗɗen sifirin guda huɗu, biyu a kowane gefe. Akori-kura kuwa sifirin falle-falle gare ta: dogayen ƙarafa masu faɗi da aka jera wani bisa wani, babba a sama, aka ɗaure su a tsakiya. Wannan iri ya girmi mota kanta, domin tun 1804 Obadiah Elliott ya yi masa rajista a Landan don kekunan doki.

A ƙasar Rimawa

A Wurno, Rabah da Goronyo, babban aikin irin waɗannan motoci shi ne ɗaukar albasa, tafarnuwa da shinkafa daga fadamu zuwa kasuwanni irin su Achida da Sakkwato. Lodin yakan wuce abin da aka ƙera motar ta ɗauka, hanyoyin shiga ƙauyuka kuma suna lalacewa da damina. Saboda haka masu akori-kura kan sa a ƙara falle ɗaya ko biyu. Ƙarin yana hana bayan motar zama ƙasa, amma bai ƙara wa birki, taya ko shasi ƙarfi ba; bugun da sifirin ya daina shanyewa sai ya koma kansu. Idan motar ba kaya kuma, bayanta ya riƙa tsalle ke nan.

Kayan gyaran, sababbi da na hannu, akan samo su daga Sakkwato, ko daga manyan kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Fallen da ya karye ba a yar da shi: maƙera na saye su ƙera gatari, adda da wuƙa, saboda ƙarfensa na riƙe kaifi.

Alamomin lalacewa

Mota ta karkata gefe ɗaya ko babu kaya, bayanta ya sauka, taya na gogar jiki, ko a riƙa jin ƙarar ƙarfe a kan gargada. Idan ƙusar tsakiya ta falle-falle ta karye, tayoyin baya kan goce, a ga mota na tafiya a kaikaice.

Yadda ake canzawa

Ana tsayar da motar a ƙasa mai tauri, a tare tayoyin gaba, a ɗaga bayan, sannan a tokare jikinta da ƙafafun ƙarfe. Jak shi kaɗai ba abin dogaro ba ne, musamman a kan yashi, kuma bulo yana iya fashewa ba tare da wata alama ba.

Idan naɗaɗɗe ne, ana sa jak a ƙarƙashin ƙafar tayar ya ɗauki nauyin, a kwance shokozoba ta ƙasa, sannan a sauke jak ɗin a hankali har sifirin ya saki. A nan hatsarin yake. Sifirin da ke matse yana riƙe da ƙarfin da zai iya karya hannu ko muƙamuƙi idan ya kuɓuce, don haka ake amfani da abin matsewa na musamman, ba waya ko igiya ba. Ana kuma lura da tiyon man birki, kada ya ja ya tsinke yayin saukewa. Robar da sifirin ke zama a kai, idan ta cinye, sai a canza ta tare.

Idan falle-falle ne, ana kwance lanƙwasassun ƙusoshin da suka ɗaure shi da ƙarfen tayoyi, sannan ƙusar gaba da ta maratayin baya. Wajen mayarwa, dole kan ƙusar tsakiya ya faɗa raminsa daidai. Ba a ƙarasa ɗaure ƙusoshin da ke cikin roba sai an sauke motar ta tsaya da nauyinta. In ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri. Bayan 'yan kwanaki ana aiki, sai a sake ɗaure lanƙwasassun ƙusoshin, domin fallayen sukan zauna su yi sako-sako.

Ana canza sifirin hagu da na dama tare, saboda tsoho da sabo ba tsawonsu ɗaya ba. Yi wa karyayyen falle walda gyara ne na a kai gida kawai: zafin wuta na kashe taurin ƙarfen, ya sake karyewa kusa da wurin. A 504 akwai kuma wata na'ura da ke rage ko ƙara ƙarfin birkin baya gwargwadon yadda motar ta lotsa. Idan sabon sifirin ya canza tsayin motar, sai an sake saita ta, don kada tayoyin baya su riƙa kullewa idan an taka birki.