Takardar Magani: Yadda Hannun Gwamnati Ya Riƙa Janyewa Daga Jinyar Talaka A Kaduna

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a asibitin gwamnati, a Tudun Wada ne ko Kawo ko Unguwar Rimi, ya san wata 'yar takarda da likita kan miƙo bayan ya gama duba mara lafiya. Idan akwai abin da aka rubuta a ɗakin magani na asibitin, a ba ka. Idan babu, sai ka tsallaka titi zuwa kemis, ka tsaya gaban kanta kana lissafin abin da ke aljihunka. Tarihin kula da lafiyar talaka a birnin Kaduna, a ganina, tarihin wannan tsallaka titin ne: yaushe aka fara shi, wa ya jawo shi, kuma me ya sa duk yunƙurin hana shi yake mutuwa tare da gwamnatin da ta kawo shi.

Da Turawa suka mayar da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, ba don talaka suka tsara garin ba, haka ma asibitinsa. Wurin da ake kira Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a yau, gidan jinyar Turawa ne da manyan ma'aikata, kuma har yanzu tsofaffin mazauna gari da tsohon sunansa suke kiransa. Daga baya ne aka sa masa sunan Dokta Barau Dikko, likitan farko da Arewa ta samar, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Shi kuwa talakan Arewa, abin da ya sani shi ne ɗakin shan magani na En'e, inda ake wanke gyambo, a ba da maganin zazzaɓi. Ana cewa kyauta ne, amma ba kyauta ba ne: da haraji da jangali ya riga ya biya tun kafin ciwo ya zo.

Shekarun 1970 su ne lokacin yalwa. Kuɗin man fetur ya shigo, shirin raya ƙasa na uku na 1975 zuwa 1980 ya yi alkawarin kai ƙananan asibitoci ko'ina, masaƙun Kakuri kuma suna ɗauke da dubban ma'aikata waɗanda kamfani ke duba lafiyarsu. Mahaifiyata takan ba mu labarin haihuwarta ta fari a waɗannan shekaru: ta je da kati, ta dawo da jariri da ƙullin magani, ba wanda ya tambaye ta ko sisi. Abin lura shi ne ba wata doka ce ta ba ta wannan haƙƙi ba. Baitulmali ne ya cika, sai ya tumbatsa har ya iso gare ta. Abin da yalwa ta bayar kuwa, ƙunci yana iya karɓewa ba tare da neman izinin majalisa ba.

Haka kuwa aka yi. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, kuma a jawabin juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, Birgediya Sani Abacha ya ambaci lalacewar asibitoci, cewa sun koma wuraren ganin likita kawai ba magani, cikin dalilan kifar da gwamnatin Shagari. Sojoji ba su gyara ba. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu da aka sani da SAP, bisa tsarin Bankin Duniya da Asusun Lamuni na Duniya. Naira da ta fi dala daraja a farkon shekarun 1980 ta koma kusan 4 a dala guda cikin 1987. Tun da yawancin magani da sinadaran haɗa shi daga waje ake shigo da su, farashi ya yi tashin gwauron zabo daidai lokacin da kason lafiya ke raguwa. Asibitoci suka fara karɓar kuɗin kati, kuɗin gado, kuɗin gwaji; mai naƙuda kuma a ba mijinta jerin abin da zai sayo, daga safar hannu har auduga.

Ba a taɓa fitowa a rediyo an ce daga yau an daina jinyar talaka kyauta ba. Wannan ne ya sa yankewar ta yi wuyar kamawa. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince da tsarin Bamako, wanda ya ce a zuba magani a asibiti, a sayar da sauƙi, a juya kuɗin a sake sayowa. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya na lokacin, mutum ne da ba a shakkar kishinsa ga kiwon lafiya a matakin farko, kuma tsarin yana da hikima a takarda. Sai dai ma'anarsa ga mai tura baro a Kasuwar Barci ɗaya ce: nauyin da gwamnati ta sauke, a kansa ya sauka.

Daga nan sai aka shiga zamanin shirye-shirye masu gajeren rai. Hukumar PTF, wadda aka kafa a 1994 kuma Janar Buhari ya jagoranta, ta cika asibitoci da magani; gwamnatin Obasanjo ta rushe ta a 1999, maganin ya ƙare, ba a sake zubawa ba. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, alkawarin da gwamnatin tarayya, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa cikawa ba. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka yi dokarta a 1999 aka fara aiki da ita a 2005, ta ɗauki ma'aikatan tarayya, wato waɗanda dama suna da albashi. A waɗannan shekarun ne kuma masaƙun Kaduna suka yi ta rufewa, iyalan da kamfani ke jinya suka dawo layin asibitin gwamnati hannu rabbana.

A 2007 Gwamna Namadi Sambo ya ƙaddamar da jinya kyauta ga mata masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara 5. Mata sun yi tururuwa zuwa awo, wanda ya nuna cewa ba jahilci ne ke tsare su a gida ba kamar yadda ake yawan faɗi, rashin kuɗi ne. Amma shirin ya dogara ga abin da aka saki daga kasafi, in sakin ya yi jinkiri sai kyautar ta tsaya a kan allon sanarwa. Shirin SURE-P na tarayya, wanda ya ɗauki ungozomomi daga 2012 da rarar kuɗin tallafin mai, shi ma an rufe shi a 2015 da canjin gwamnati.

Darasin ya fara shiga. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, ko da yake sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. A wannan shekarar Jihar Kaduna, ƙarƙashin Gwamna Nasir El-Rufa'i, ta kafa hukumar KADCHMA ta taimakekeniyar lafiya: ma'aikaci a cire daga albashinsa, mai sana'a ya biya na shekara, marasa galihu kuma gwamnati ta biya musu. A 2022 sabuwar dokar tarayya ta wajabta inshorar lafiya, ta kuma tanadi asusun masu rauni. A karon farko haƙƙin talaka ya shiga doka.

To amma doka ba ta sayen allura. Wanda gwamnati ke biya wa, kariyarsa tana nan ne muddin an saki kuɗin wannan shekarar, kuma adadin da ake rajista bai kusa kai yawan mabuƙata a Rigasa ko Hayin Banki ba. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da faɗuwar naira, kamfanin GSK ya sanar da daina harkarsa kai tsaye a Nijeriya, maganin asma da na kashe ƙwayoyin cuta suka ninka farashi. A farkon 2025 Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta na waje, har majalisar tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya don cike giɓin. Har yau fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyata yake fitowa, kuma a bakin kowane babban asibiti a arewacin kogin Kaduna, jerin shagunan kemis ne ke fuskantar ƙofa.