Shehu Usmanu Da Hukuncin Kiɗa: Darasi Daga Tarihi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, kafin ku ɗaga murya a kan makaɗi ko mawaƙi, ku saurari abin da ya faru a ƙasar Gobir.

A ƙarshen ƙarni na 18, Sarkin Gobir Nafata ya sa aka yi shela a kasuwanni cewa ba mai wa'azi sai Shehu Usmanu ɗan Fodiyo shi kaɗai. Ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata lulluɓi. Rufe bakin malamai bai kashe da'awa ba. A 1804 jama'a ta yi hijira zuwa Gudu, a 1808 Alƙalawa ta faɗi.

Sai mulki ya koma hannun waɗanda aka taɓa toshe wa baki, tambayar kuma ta dawo kansu: ya za a yi da ganga da kalangu? Shehu ya soki shagalar sarakuna da kaɗe-kaɗe a cikin Kitabul Farƙi. Amma a Najmul Ikhwan ya sassauta, ya kawo saɓanin malamai, ya yarda da gangar yaƙi da kiɗan shelar aure. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu ya fi tsanantawa, ya rubuta nasa ra'ayi a Liya'us Sulɗan. Ku lura: sun yi saɓani da alƙalami, babu wanda ya kafirta ɗan'uwansa.

Waƙa kuwa, su da kansu suka yi aiki da ita. Shehu ya tsara waƙoƙin wa'azi da Fulatanci, ƴarsa Nana Asma'u ta ilimantar da matan karkara da waƙoƙin da jajoji suke rerawa.

Saboda haka, ɗan'uwa, waƙar batsa, da ta cin mutunci, da kiɗan da ke shagaltar da mutane daga salla, hana su wajibi ne, ta hanyar nasiha da hannun hukuma. Abin da malamai suka saɓa a kansa kuwa, ba ka da ikon fasa kayan bikin maƙwabcinka ko jifansa da kafirci. Mawaƙin da ya faɗa wa azzalumi gaskiya kuma, kada ka taya a rufe masa baki, domin aikin Nafata ke nan.

Allah ya nuna mana gaskiya, ya ba mu ikon bin ta. Wallahu a'alam.