Daren da likita ya tarar da ƙofar asibiti a kulle

Jama'a, duk mai bin gudron Yamai zuwa Damagaram ya taɓa isowa wurin haɗari. Mutane sun taru, wani ya kama hannu, wani ya ja ƙafa, wani na ƙoƙarin ɗura wa mai rauni ruwa. Kowa alheri ya nufa. Amma duba wanda ya ji mummunan rauni yana da tsari: abin da zai fara kashe shi, shi ake fara tarewa. Wannan tsarin kuwa yana da tarihi.

Mu fara da filin yaƙi. A Turai a da, sojan da aka harba yakan kwana nan inda ya faɗi har sai an gama fafatawa, kuma manyan hafsoshi ake fara dubawa. Wani likitan sojan Faransa, Dominique Larrey, wanda aka haifa a 1766, shi ya sauya wannan. A shekarun 1790 ya fito da kekunan doki marasa nauyi masu shiga fagen daga su kwaso masu rauni ana cikin wuta. Ya kuma kafa ƙa'ida cewa wanda rauninsa ya fi tsanani shi ne farko, ko janar ne ko ƙaramin soja. Daga baya shi ya zama babban likitan dakarun Napoleyon.

Larrey ya warware wa za a fara dubawa. Saura tambaya ta biyu: in mutum ɗaya ne a gabanka da rauni biyar, da wanne za ka fara? Amsar ta fito daga wata gona a Amurka.

A watan Fabrairun 1976, wani likitan ƙashi mai suna James Styner yana tuƙa ƙaramin jirginsa daga Los Anjelis zuwa gida, tare da matarsa da ƴaƴansa huɗu. Jirgin ya faɗi cikin gona a jihar Nebraska. Matar ta rasu nan take, uku daga cikin yaran suka ji mummunan rauni a kai, shi ma ya ji ciwo. Awoyi ya yi yana kula da su cikin duhu da sanyi, kafin ya fita bakin hanya ya tare mota. Da suka isa ƙaramin asibitin garin Hebron, ƙofa a kulle. An buɗe, an kira likitoci, amma sai ya ga ba su da horon irin wannan aiki, har aka ɗauki yaro mai raunin kai ba tare da an tallafe wuyansa ba.

Styner bai ɗora wa mutanen laifi ba. A ganinsa, in har kulawar da ya yi a daji ba kayan aiki ta fi wadda aka samu a asibiti, to tsarin ne ke da gyara. Shi da abokan aikinsa na birnin Linkon suka tsara horo don likitocin karkara. An yi na farko a 1978, sannan a 1980 ƙungiyar likitocin fiɗa ta Amurka ta ɗauke shi. Shi ne ake kira ATLS, kuma yau ƙasashe da dama na koyar da shi.

Zuciyar horon haruffa biyar ce. A ita ce hanyar iska: shin jini, amai ko harshe ya toshe maƙogwaro? A nan ake riƙe wuya kada ya motsa. B, numfashi: ƙirji na tashi daidai ɓangare biyu? C, jini: ina yake zuba, a waje ko cikin ciki, ƙirji, ƙugu da cinya? D, hankali: yana amsa kira, ƙwayar idonsa na motsi da haske? E kuwa a buɗe jiki a duba ko'ina har baya, sannan a rufe shi, domin sanyi na hana jini daskarewa. Dalilin jerin a fili yake. Toshewar iska na kisa cikin mintoci kaɗan, karayar ƙafa kuwa, duk munin ganinta, tana iya jira.

Tsarin bai tsaya nan ba. Yaƙin Iraƙi da na Afganistan sun nuna cewa sojoji da yawa zubar jini daga hannu ko ƙafa ce ke kashe su. Shi ya sa yanzu, in jini na feshi, shi ake fara tsayarwa tun kafin A, da dannawa ko da ɗauri mai ƙarfi sama da raunin. A 2010 kuma wani babban bincike mai suna CRASH-2, kan mutum sama da 20,000 a ƙasashe 40, ya nuna cewa wata allura mai araha, tiraneksamik asid, na rage mutuwar masu zubar jini. An kuma gano amfaninta na cikin awa uku na farko.

To, mu ina wannan ya shafe mu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma Afirka ce ta fi yawan mace-macen in an auna da yawan jama'a. Tsakanin Ƙonni da Maradi, ko kan hanyar Tawa, wanda ke fara isowa ba lokotoro ba ne. Direba ne, ko ɗan kabu-kabu, ko manomi.

In kai ne, ga abin yi. Kira ƴan pompiye a lamba 18. Danne inda jini ke zuba da rawani ko zane mai tsabta, kada ka ɗaga kana leƙawa. Kada a ba shi ruwa ko abinci, don zai iya shaƙewa, kuma wataƙila fiɗa ke jiransa. Kada a fizgo shi daga mota sai in wuta ko wani haɗari na tafe. In dole a ɗauka, mutum ɗaya ya riƙe kai, sauran su ɗaga tare, kai da wuya da baya a miƙe, a kan katako ko ƙyaure. In yana amai, a juya shi gefe gaba ɗaya ana riƙe da kai. A rufa masa bargo, musamman daren hunturu. Masu ɗaukar hoto da salula kuma su ja baya su ba da wuri.

Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai kowa gida lafiya.